Wurno Ba Ta Da Teku, Amma Tana Da POS

Wani marubuci ya yi wa masu maganar kebul na ƙarƙashin teku shaguɓe, wai me ya haɗa mai albasa a Goronyo da angar jirgin ruwa? Da alama ya manta da 14 ga Maris, 2024. Ran nan kebul-kebul ɗin WACS, MainOne, ACE da SAT-3 suka katse a gaɓar Kwaddebuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya, harkar banki ta cije. Mai POS a Wurno ko Rabah bai taɓa ganin teku ba, amma layinsa ta can yake bi.

Gaskiya ne, wancan karon ba anga ba ce. Amma ranar Kirsimetin 2024 kebul ɗin Estlink 2, mai kai lantarki tsakanin Finlan da Estoniya, ya tsinke. Finlan ta kama jirgin dakon mai Eagle S bisa zargin jan anga a kansa, gyara ya ci watanni.

Anga tana keta ƙasan teku kamar garma, shi ya sa ake zurfafa ramin kebul, a jibge duwatsu a kai, a hana jirage tsayawa kusa. Nan gida kuwa, katafilar ɗan kwangilar titi ce ke tsinke namu.