Taku Biyu Tsakanin Jarumi da Jaruma

Tun da finafinai masu dogon zango suka karɓe kasuwa, akwai abin da ya sulale daga Kannywood ba tare da an yi masa ko zaman makoki ba, wato waƙar soyayya a tsakiyar fim. Ku duba Labarina na Aminu Saira ko Izzar So na Lawan Ahmad, waɗanda duk suka kunno kai a 2020. Waƙa tana nan, ko a matsayin taken shiri ko tana tashi a ƙarƙashin magana, amma a ce an tsayar da labari cak, jarumi da jaruma sun fita fili suna mamin na minti biyar, wannan kam ya yi ƙaranci. Waƙar ta kama gabanta, ta koma bidiyo mai zaman kansa a YouTube, daga can kuma a yanko daƙiƙa talatin a kai TikTok.

Na san da yawa za su ce Allah raka taki gona. Ni ma ba kowace rawa nake kewa ba. Amma akwai wata fasaha da ta girma a cikin waɗancan waƙoƙi, kuma ina ganin tana neman ɓacewa a daidai lokacin da muka samu kyamarori mafi kyau.

Asalin maganar shi ne, a fim ɗinmu jarumi ba ya taɓa jaruma. Jiharmu ta Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'a a ƙarshen 1999 a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, Kano ta biyo baya a 2000, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. Bayan rikicin 2007 aka ƙara ɗaure igiya a zamanin Malam Abubakar Rabo. Wanda kuma yake zaton doka ce kawai ta gwamnati, to ya tuna 2016, lokacin da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon "I Love You" na ClassiQ. Ba takarda kaɗai ta yi wannan hukunci ba, 'yan kallo ne suka fara tada jijiyar wuya. Ke nan darakta yana da masoya biyu, yana son mu yarda cewa kowannensu zai iya mutuwa don ɗan'uwansa, amma dole a bar taku biyu a tsakaninsu. Wa zai cike wannan fili? Kiɗa da kyamara.

Mu fara da kiɗan. Tun zamanin Sangaya da Wasila, a farkon shekarun 2000, kusan komai daga fiyanon Yamaha yake fitowa, ganga da sarewa da goge duk a cikin akwati ɗaya, shi ya sa ma ake ce masa kiɗan fiyano. Ku saurari yadda irin waɗannan waƙoƙi suke buɗewa. Kafin a furta kalma ɗaya, sautin sarewa ne ke fara zagayawa shi kaɗai, ba ganga, kuma da ka ji shi ka san an bar duniyar rigimar gado da kishiya, an shiga cikin zuciyar wani. Daga nan namiji ya ɗauki baiti, mace ta amsa da siririyar murya. Shi ya yi roƙo, ita ta ja aji. Ya ƙara, ta ɗan sassauto. Sai a amshi muryoyin biyu su haɗu su hau kan juna. To wannan haɗuwar ita ce riƙe hannun da ba a nuna mana ba. Kunne ya ji an taɓa juna, ido kuma bai ga laifin kowa ba.

Ana yawan cewa duk wannan kwaikwayon Indiya ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Finafinan Indiya sun shigo sinimomin Arewa tun wajajen shekarun 1950 da 1960, iyayenmu sun haddace Mother India, mu kuma mun tashi da Kuch Kuch Hota Hai, ƙannenmu suna kan fassarar Algaita. Su ma Indiyawan sun daɗe suna kauce wa sumba a fim, sai su nuna furanni biyu suna haɗuwa. Tsarin wani ya rera a situdiyo wani ya motsa baki a gaban kyamara daga wurinsu muka gani, Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Fati Nijar suka zama namu Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Amma ni da na tashi a Birnin Tudu ba zan yarda a ce amshi baƙo ne ba. Nan ƙasar Musa Ɗanƙwairo ce, mutumin Bakura da ya yi zamani a fadar Maradun, nan ne ƙasar Sa'idu Faru. Jagora ya ajiye magana, 'yan amshi su cafe ta kafin ta faɗi ƙasa, har su ƙarasa masa ita, wannan da kotso muka san shi. Haka 'yan mata suke yi a dandali da gaɗa, kuma ba banza ba aka laƙaba wa waƙoƙin fim suna nanaye. Abin da fim ya yi shi ne ya ɗauki wannan karɓa-karɓa ya mayar da ita zance tsakanin saurayi da budurwa.

Wani abu kuma da mawaƙan kirki suke kiyayewa shi ne karin harshe. Hausa tana da hawa da sauka a kan kowace gaɓa, idan kiɗa ya ja kalma sama alhali ita ƙasa take, sai ta fita daga ma'anarta ko ta zama kamar Bature ne ke rerawa. Ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa waƙoƙin Nura M. Inuwa suke zama a rai, kalma tana zaune daram a kan kiɗa, ba ta rawa. Umar M. Shareef kuma muryarsa ce ke yi masa rabin aikin, akwai wani rauni a cikinta kamar mai shirin kuka. Auto-Tune ba haram ba ne, amma idan aka murɗa shi har ƙarshe sai ya goge wannan raunin, mace da namiji duk su koma murya ɗaya ta ƙarfe. Idan ba a bambance mai roƙo da wadda ake roƙa ba, ina soyayyar?

Yanzu kyamara, inda na fi son mu daɗe.

Duk wanda ya taɓa zuwa zance ya san yadda abin yake. An shimfiɗa tabarma a zaure ko ƙofar gida, kai kana wannan gefe, ita tana wancan, ƙanwarta na leƙe. Ba ta kallonka ido cikin ido. Tana wasa da gefen mayafi, ta saci kallo, idan kun haɗa ido ta sunkuyar da kai. Daraktan da ya san aikinsa wannan yake ɗauka. Zai matso da kyamara kan fuskar jarumi yana kallon dama, sai a yanka zuwa fuskar jaruma tana kallon hagu, idonta ya ɗago ya koma. Wataƙila ma ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba, amma mai tacewa ya haɗa kallon biyu, mu kuma zuciyarmu ta ƙarasa sauran. Idan yankan ya faɗo daidai kan bugun ganga, ko daidai inda muryar mace ta karɓa, wallahi sai ka ji tsigar jikinka ta tashi.

Akwai dabarar sa abu a tsakani. Bishiya, ginshiƙi, labule, shi yana wannan ɓari, ita tana wancan, kowa ya jingina da abu ɗaya. Akwai miƙa fure ko hankici ko kofi, yatsu su zo kusa su tsaya, kyamara ta tsaya a kan hannu mai lalle na daƙiƙa biyu. Akwai tafiya, ita a gaba shi a baya, ta waiwayo a hankali, iska ta ɗaga gyale. Masu ɗaukar hoto sun san cewa idan ka ja da baya ka yi amfani da dogon gilashi, nisan da ke tsakanin na gaba da na baya yana matsewa, sai su fito kamar kafaɗa da kafaɗa alhali akwai fili sosai. Har anko ma magana ce. Idan a farkon waƙa shi yana cikin fari ita tana cikin ja, a ƙarshe suka fito kala ɗaya, ai an gaya maka ta amince, ba sai an ɗaura aure a gabanka ba.

Kuma a da waƙar tana da aiki a cikin labari. Abin da yarinya ba za ta iya faɗa a gaban iyayenta ba, da abin da talaka ba zai iya furta wa 'yar mai kuɗi ba, a waƙa ake faɗarsa, sau da yawa a mafarki ko tunani. Ba na mantawa cewa kasuwa ma tana ciki. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata sun san waƙa ce ke sayar da kaset, shi ya sa aka riƙa cusa ta ko ta dace ko ba ta dace ba, har fim ɗin da ake kuka a ciki sai an yi rawa a kan duwatsun Jos. Wannan cushen ne ya ja wa waƙar fim baƙin jini. Amma inda aka sa ta a gurbinta, kamar a Mansoor na 2017 da Ali Nuhu ya ba da umarni, in ka cire waƙoƙin ka rage wa soyayyar nauyi.

To me muke gani yau? Kwanan baya na karɓo sababbin bidiyoyi wurin masu turawa a kasuwar Talata Mafara. A ɗaya daga ciki, ba zan kama suna ba, an buɗe da jirgi marar matuƙi yana shawagi a saman wani katafaren gida, sai mota, sai agogo, sai takalmi. Kaya ake canzawa kamar tallan shagon ɗinki. Ba a bari hoto ɗaya ya yi numfashi, kafin ka ga idon yarinyar an yanka. Shi yana kallon kyamara, ita ma tana kallon kyamara, har waƙar ta ƙare ban ga inda suka kalli juna da gaske ba. Kowa da mu yake soyayya, wato da mabiyansa.

Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne idan aka tuna su wa ke kallo da kuma a kan me suke kallo. Mu a nan ba sinima gare mu ba. Waya ce, wata ma gilashinta a tsage, bidiyon kuma an matse shi don ya shiga memori. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumbar 2021, da Bluetooth da Xender waƙa ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. A irin wannan allo, hoton sama yana mayar da masoya tururuwa biyu a kan ciyawa. Abin da ke tsira shi ne fuska, da ido, da murya. Jaruma ta Hamisu Breaker da ta kama ƙasar nan a lokacin kullen korona na 2020, ba gida ko mota ne suka ɗaga ta ba. Matan aure ne suka ji kalmomin sun dace da su, suka riƙa ɗaukar kansu suna taka rawa a gaban mazajensu, har abin ya zama abin cece-kuce.

Abin da ke ba ni takaici shi ne duk muhawararmu a kan halas da haram take tsayawa. A watan Mayun 2025 hukumar tace finafinai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan batun kawo su a duba kafin a sake su. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, kuma ya dace a tofa. Amma yaushe rabon da ku ga an yi zazzafar gardama a kan ko wane mai ɗaukar hoto ne ya fi iya haska fuskar baƙar mace da dare, ko wane edita ne ya fi jin kiɗa? Muna sanin sunan jaruma da kalar motarta, ba mu san wanda ya riƙe kyamara ba. Idan 'yan kallo ba su nemi abu ba, furodusa ba zai kashe kuɗinsa a kai ba.

Ko yanayin wurin ma labari ne. Ga madatsar Bakolori a bayan gidanmu, tun 1978 take nan, ga gonakin shinkafa kore shar, ga hasken la'asar a kan ruwa wanda ba kuɗin da zai saya maka shi a situdiyo. Rashin tsaro ya sa ba mai kwaso kayan aiki ya taho, kuma ba na ganin laifin kowa a kan haka. Sai dai yaranmu na Mafara da Bakura masu ɗaukar bidiyon biki suna iya gwadawa a inda ya samu, maimakon kwaikwayon falon Abuja da labulen haya.

TikTok kuma ya zo da tasa matsalar. Allonsa a tsaye yake, mutum ɗaya yake ɗauka da kyau. Hoton nan na mutum biyu da fili a tsakaninsu, wanda shi ne ƙashin bayan waƙar soyayyar Kannywood, ba ya shiga sai an yanke ɗaya ko an matse su, matsewar kuma ita ce aka hana. Amma ku lura da abin da matasa suke yi da Duet. Wata a Gusau ta yi mamin baitin mace, wani a Maraɗi ya ɗauki na namiji, allo ya rabu biyu, layi a tsakani, shi yana kallon gefenta, ita tana kawar da kai tana murmushi. Ba darakta, ba mai haske, amma sun dawo da taku biyun nan da kansu, kuma mutane suna kallo har su maimaita. Ina jiran daraktan da zai ɗauki wannan da muhimmanci ya gina waƙa sukutum a kansa, ko a cikin fim mai dogon zango ne.