INA ZA MU AJE KUƊIN KAKA?

 

Ran nan da marece, bayan mun ƙare darasin lissafi, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaya. Ya ce mini: « Malam, na saida wake da gyaɗa, na samu jika 150. In na aje su cikin ɗaki, buƙatu za su cinye su. Ga shi kuma wani yaro ya zo daga birni, ya ce in ba shi, cikin wata ɗaya ya maido mini da riɓi biyu. Mi ka gani? »

Na ce: « Baba, mi ya ce zai saya da kuɗin? » Ya ce yaron bai faɗa ba. Na ce: « To, riƙe abinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. »

Ƴan uwa, kafin mutum ya tambayi ribar da zai ci, ya kamata ya tambayi kansa: in abin ya ɓaci, mi zai rage mini?

Ni ma da wuya na koyi wannan. A shekarar 2023 na haɗa jika 80, tattalina na shekara biyu, na ba wani ɗan kasuwa muka sayi albasa. Cikin watan Agusta motar ta iso Gaya, ta tarar iyaka a rufe. Albasa ba ta jira. Ta ruɓe cikin buhuna. Mutumin bai cuce ni ba. Laifina ne, da na zuba duk abin da nike da shi cikin kaya guda, mai ruɓewa, mai tafiya nesa.

Kuɗin takarda ma ba su da tabbas. A watan Janairu na 1994 an rage darajar sefa da rabi. Wanda ya turbuɗe kuɗi cikin tukunya ya tarar da su yadda ya aje su, amma takin zamani da magani da atamfa sun yi tsada. A farkon 2023 kuma, da Nijeriya ta sake takardun naira, mutanenmu na bakin iyaka masu tsofaffin takardu sun sha wuya.

To, ina za mu sa kuɗinmu? Ga abin da muka rubuta a allo, ni da dattijon.

Na farko: rumbu. Ka ƙidaya cimakar gidanka. Gidan da ke cin tiya 2 kullum yana cin tiya 60 a wata. Buhu babba tiya 40 ne. Ke nan buhu 1 da rabi a wata, buhu 18 a shekara. In abin da ka noma bai kai ba, ka cika da kaka, tun hatsi na araha. Kowa ya sani, abin da muka saida da arha a kaka, shi muke saye da tsada in damana ta faɗi. Waɗanda suka ga shekarar 2005 a jihar Maradi ba su manta ba. Hatsin rumbu, ko kasuwa ta faɗi, iyali za su ci. In kuma akwai bashi a kanka, ka fara biyan shi, don bashi haifuwa yake yi.

Wake kuwa, in za ka aje, ka nemi buhun PICS mai riɓi uku, wanda masu binciken INRAN na Maradi suka gwada. Wake ya bushe sarai, a ɗaure kowane riɓi dabam. Iska ba ta shiga, ƙwari sai su mutu, ba sai an sa magani ba.

Na biyu: ƙananan bisashe. Da kuɗin sa guda ana samun awaki da yawa. In sa ya mutu, dukiya ta tafi duka. In akuya guda ta mutu, saura na nan. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 za su shaida maku: shanu sun fi awaki faɗuwa. Jar akuyar Maradi tana yawan haifuwar tagwaye, cikinta wata 5 ne. Amma akuya ba kyauta take ci ba. Ranar da ka saye ta, ka aje harawa da dusa. In ma'aikatan kiwo sun zo rigakafi, ka kai ta.

Na uku: ƙungiya. Matanmu sun riga mu gane wannan. Tun 1991 aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi. Kowane mako ana zubi gaban kowa, ana ƙidaya gaban kowa. Ga kuma warantaj. Ƴan ƙungiya su kai amfanin gona mangaza, a sa kwaɗo biyu. Makulli guda wurin ƙungiya, guda wurin gidan da ya ba da rance. Da rancen a yi kiwon turke ko noman rani. Bayan wata 5 ko 6 a biya, a buɗe mangaza. Amma in faɗa maku gaskiya, wata shekarar kuɗin hatsi ba ya hawa, rance kuwa sai an biya shi da abin da aka ɗora. Saboda haka kafin ka sa hannu, ka karanta takarda. Nawa aka ba ka? Nawa za ka biya? Yaushe? Ga amfanin karatunmu.

Na huɗu: abin hannu. Ciwo ba ya sallama. Wanda ba ya da ko dala aje, ranar da yaro ya kwanta sai ya ja akuya kasuwa, ya saida ta yadda aka taya.

Ga yadda dattijon ya raba jika 150 ɗinsa: jika 60 hatsi, jika 50 awaki da abincinsu, jika 20 zubin ƙungiya, jika 20 abin hannu. Da hannunsa ya rubuta, ya tara, lissafi ya fito daidai. Ya yi dariya ya ce: « Malam, wannan ba ta maida mutum Alhaji. » Na ce: « Gaskiyarka, Baba. Amma ba ta sa shi jinginar da gona. » Sannu ba ta hana zuwa.

Rabon kowa ba ɗaya ba ne. Makiyayi mai garke ba awaki yake buƙata ba. Shi sai ya rage tsofaffin bisashe bayan damana, tun suna da ƙiba, ya sayi hatsi da dusa. Mai rumbu cike kuwa sai ya ƙara wajen kiwo. Abin da ya haɗa mu duka shi ne: kada mu zuba dukiya wuri guda, kada mu sa ta cikin abin da ba mu gane ba, kada mu ba da ita ba takarda ba shaidu.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta ma maƙwabcinsa da bai shigo makaranta ba tukuna. Ku ɗauki alli ku ƙidaya tiyoyin gidanku, ku kawo ma malaminku ya duba.

Allah ya sa albarka cikin abin da muka noma. Sai wata mai zuwa.