Kafin Ka Ɗaura Wa A-Kori-Kurarka Zugazugi

Kwanan baya wani saurayi daga cikin yaranmu masu ɗaukar albasa da tumatir a kasuwar Mil 12 ta Ikko ya tare ni, ya ce, "Yallaɓai, shawara nake nema." Ya sayi a-kori-kura tokumbo, Toyota Tacoma mai ƙaramin inji, lafiyarta ƙalau, amma wai in ya yi lodi ba ta da gudu, kowa wuce shi yake yi a hanya. Sai wani bakanike ya gaya masa akwai wata na'ura da Amurkawa ke ɗaura wa inji, sunanta sufacaja, wadda za ta mai da masa jaki doki. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa. Da yake na ji ba shi kaɗai ne wannan zance ya shiga kunnensa ba, sai na ga ya kamata in faɗi dalilina a nan.

To, mene ne sufacaja? Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san zugazugi. Wuta ba ta ci sai da iska, in ka ƙara mata iska sai ta ƙara ci. Haka injin fetur yake, kowane awo ɗaya na mai yana bukatar wajen awo 15 na iska kafin ya ƙone sarai. Inji na gama-gari da kansa yake zuƙar iskarsa. Sufacaja kuwa famfo ne da ake ɗaurawa a bisa inji, bel yana juya shi daga jikin injin, yana tura iska ciki da ƙarfin tsiya. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Bambancinsa da turbo shi ne turbo hayaƙin salansa ke juya shi. Kwatanta shi da zugazugi ma ba wasa ba ne, domin wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen Jihar Indiyana ta Amurka, su suka yi rajistar irin wannan famfo a 1860, an kuwa yi ta amfani da shi wajen hura wutar narka ƙarfe. Sai a 1921 kamfanin da ke ƙera Mercedes ya nuna motocin sayarwa masu ɗauke da shi.

Ba na musun cewa abin yana aiki. Tacoma mai injin V6 na lita 4.0, wadda aka yi daga 2005 zuwa 2015, tana da ƙarfin doki 236. Da sufacajan da sashen TRD na Toyota ya sayar, sai ta kai 304. Babbar yayarta Tundra mai lita 5.7 daga 381 take tashi zuwa 504. Amma fa mai karatu ya lura da abu biyu. Waɗannan manyan injuna ne, kuma a lokacin da ake sayar da su, idan dilan kamfani ne ya ɗaura, kamfani yakan tsaya wa mai mota in abu ya lalace. Sa'an nan Toyota ɗin da kanta ta daina sayar da su tun 2015. Motar yaron namu kuwa inji ne mai fistin huɗu, lita 2.7, ƙarfin doki 159, irin wanda ke cikin yawancin Hilux masu fetur da muke gani a titunanmu. Ba don tsere aka yi shi ba, an yi shi ne don ya daɗe. Abin da ya sa muke sonsa ke nan, abin da kuma za a sayar ke nan a sayi gudu.

Babbar matsala ita ce mai. Iska idan aka matse ta zafi take yi, zafin nan kuwa yakan sa fetur ya kama da wuta tun fulogi bai ba shi izini ba. Shi ne za ka ji inji yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, in abin ya daɗe fistin ya fashe ko gasket ta ƙone. Saboda haka ne masu yin sufacaja ke gindaya sharaɗin a sha fetur mai daraja. A Amurka famfon gidan mai kashi-kashi ne, akwai 87, akwai 89, akwai 91 zuwa 93, na saman nan ake nufi. Mu a nan fetur iri ɗaya ne tal, ya kuma fi kusa da nasu na ƙasa. Wannan ma in an sami mai kyau ke nan. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka yi ta mutuwa a Ikko da Abuja. Balle direban da dare ya yi masa tsakanin Jebba da Mokwa, ya sayi na galan a bakin hanya. Injin da bai da sufacaja zai yi tari ya wuce. Wanda aka matsa wa iska ba lalle ya yafe ba.

Ga kuma kuɗin man kansa. Kafin 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Sufacaja ba ya kawo ƙarfi daga sama, mai yake ƙonawa, har ma wani kaso na ƙarfin injin a juya shi yake tafiya. Mutumin da ribarsa ke cikin kwandon tumatir, ya lissafa tafiyar Ikko zuwa Kano, wajen kilomita 1,000, ya ga ko cinikin zai fitar da shi.

Amma abin da ya fi damuna ba aljihu ba ne, rai ne. Kowace a-kori-kura tana da iyakar nauyin da aka yanka mata, Hilux wajen tan ɗaya ne, Tacoma ma ba ta kai haka ba. Ba inji kaɗai ke yanke wannan iyaka ba, har da birki, da sifirin, da taya, da ƙarfen gindin mota. Sufacaja bai ƙara wa ko ɗaya daga cikinsu komai ba. Mu kuwa mun san halinmu, ba sai an faɗa ba: buhu a kan buhu har mota ta durƙusa, sa'an nan yaron mota da fasinja biyu su hau can ƙololuwa. A yanzu raunin injin nan shi ne linzamin da ke riƙe direba. In aka cire linzamin aka bar birkin jiya, ranar da tirela ta tsaya cak a gabanka a hanyar Badun, dawakin da ka saya ba za su tsayar da kai ba.

Sai kuma a tambaya, wa zai ɗaura? Aikin ba na sufana kaɗai ba ne. Tilas a sake wa kwamfutar motar lissafi, sau da yawa a canja bututun feshin mai, a sa abin sanyaya iskar kafin ta shiga inji. Kasuwar Ladipo ba abin da babu, gaskiya ne, amma na'urar da aka kwance daga motar da ta yi haɗari a wata ƙasa sayen kifi a ruwa ne. In bel ɗinta ya tsinke a Tegina, ina za ka sami irinsa?

Don kada a ce na rufe ido, akwai inda na'urar ke da hujja. Iskar kan tudu ba ta da kauri, inji yakan rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Jos tana bisa wajen mita 1,200, saboda haka wanda ya saba bin Hawan Kibo da lodi ya san yadda mota ke numfarfashi a can. Mai kuɗi da ke da babbar mota ta nishaɗi, da gwanin bakanike, da inda zai sami mai mai kyau, wannan ruwansa. Amma Ikko a bakin teku take, Fatakwal ma haka, iskar nan ba ta rage wa kowa komai ba.

Abin da na gaya wa yaron shi ne, mai ɗaukar kaya ƙarfin ja yake bukata, ba gudu ba, kuma a nan dizal ya fi. Hilux mai injin dizal na lita 2.8 da ta fito a 2015 da turbonta aka haife ta, fistin ɗinta da lagiretonta da giyarta duk an yi su don wannan matsin, ƙarfin janta kuwa ya kusa ninka na mai fetur ɗin. In yana da hali ya sayar da tasa ya cika ya sayi irinta, ko ya nemi Tacoma mai V6. In babu hali, ya canja fulogi da matatar iska, ya wanke lagireto, ya sa tayoyi huɗu sababbi, ya gyara birki, ya kuma rage buhu biyar daga lodinsa. Ya yi shiru, ya ce buhu biyar ɗin nan su ne ribar. Na ce to ya rage uku, ya bar manyan motocin su wuce.