Daga Ɗakin Jinya: Kiɗan da Ba Ya Yankewa da Kunnen Ɗan Goyo

Kin taɓa zuwa dina da niyyar yin minti talatin, kika duba agogo kika ga awa uku ta wuce? Ba mantuwa ba ce kawai, akwai gwanintar da aka shirya don hakan, kuma ta shafi lafiyar yaron da ke bayanki.

Ɗan yayata ne ya buɗe min ido. Yana koyon aikin DJ, su kan ɗauko hayar lasifika daga Sabon Gari. Ranar da muka je Kantin Kwari fitar da anko, cunkoso ya tsare mu a Titin Ibrahim Taiwo, sai na ga yana ƙwanƙwasa waya da yatsa yana bin wani kiɗa. Na ce me kake yi? Ya ce, "Anti, bugun kiɗan nake ƙirgawa, 126 ne a minti ɗaya." Dariya ta kama ni, don aikina ke nan kullum: in kama hannun marar lafiya, in ƙirga bugu na daƙiƙa 15, in ninka sau 4. Zuciyar babba a hutu tana buga 60 zuwa 100, ta jariri sabon haihuwa kuwa tana kai 120 zuwa 160.

Kiɗan da yake ji sunansa tek-haus. Ya samo asali a Landan cikin shekarun 1990, daga gaurayen kiɗan haus na Chicago da tekno na Detroit a Amurka. Saurinsa yakan zauna tsakanin 120 da 130. Ba shi ake yawan sawa a bukukuwanmu ba, amma a kansa yaran ke koyon haɗa waƙa, sannan su yi amfani da dabarar a waƙoƙin Hausa da amapiano.

Dabarar kashi biyu ce. Na farko, a daidaita saurin waƙar da ke ƙarewa da wadda za ta shigo, bugu ya hau kan bugu, ƙafar mai rawa ba za ta ji canji ba. Na biyu, a daidaita murya. Kin san yadda makaɗin kalangu ke matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka? To kowace waƙa tana da matakin muryar da aka gina ta a kai. Idan aka haɗa biyu da ba su jitu ba, sai ki ji kamar mata biyu sun ɗauki waƙa ɗaya kowacce da nata sautin. Don haka suke amfani da wani da'ira mai kama da agogo, ana ce masa Camelot, mai lamba 1 zuwa 12, kowace da A da B. Waƙar 8A tana tafiya da 7A, 9A ko 8B. Manhajar kwamfuta ce ke gaya musu lambar.

Ga inda nas ta shigo. A da makaɗi yakan gaji, ya tsaya shan ruwa, maroƙi ya yi magana, uwa ta samu damar fita ta shayar da ɗanta. Yanzu babu wannan giɓin. Kunnenki yana sabawa da ƙarar, ki daina jin ta yi yawa, alhali ɓarnar tana ci gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In ƙara ta kai 100, abin da ya rage bai wuce kamar minti 20 ba a mako guda. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Kuma jariri ba shi da bakin cewa kunnensa na ƙugi. Barcin da ya yi a bayanki ba shaida ba ce cewa lafiya lau yake.

Ban ce ki ƙaurace wa biki ba, zumunci wajibi ne. Amma ki riƙe waɗannan:

Kada ki zauna gaban lasifika, ki nemi kujera mafi nisa.

Idan sai kin ɗaga murya kafin ta kusa da ke ta ji ki, ƙarar ta yi wa yaro yawa.

Tunda kiɗan ba zai tsaya ba, ke ki tsayar da shi. Saita ƙararrawar waya, ki riƙa fita waje da yaron.

Kada ki shiga fili liƙi da goyo, ba wata ta riƙe miki a waje. Cusa auduga a kunne ba ya tare ƙara yadda ake zato.

Idan bikin gidanku ne, ke kika biya DJ. Ki ce ya rage, ya kuma ba da hutu.

Idan jaririnki ba ya razana da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata 6 ba ya juyowa in an yi magana, ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada ki jira a ce nauyin baki ne.

Shi ma ɗan yayata na saya masa abin toshe kunne, don shi ya fi kowa kusa da lasifika. Ke fa, yaya kike yi da goyonki ranar biki? Ina jiran jin ta bakinki a ƙasa.