Daga Kano Zuwa Jidda: Nisan Tafiya da Abin da Ya Kamata Maniyyata Su Sani

Tsakanin Filin Jirgin Saman Malam Aminu Kano da Filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai nisan kilomita kusan 3,400 idan an miƙe. Hanyar da kakanninmu kan yi watanni, wasu ma shekaru, suna bi ta Chadi da Sudan, jirgi kan cinye ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar.

To amma nisa kaɗai ba shi ke yanke tsawon tafiya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, kuma miƙaƙƙiyar hanyar ta can ta ratsa. Dole jiragen alhazanmu na shekarar 2023 suka yi kewaye. Tafiya ta ƙaru da kusan awa biyu, mai ya ƙaru, kamfanonin jiragen kuma suka nemi ƙarin kuɗi.

Don haka muna jan hankalin jami'an alhazai na ƙananan hukumomi da su riƙa bayyana wannan a wajen bita. Tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini su riƙe magungunansu a jakar hannu, kada su tura su cikin manyan kaya. Iyalai na gida kuma su tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kada hankalinsu ya tashi in waya ta yi jinkiri.

Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.