Mai ciwon jiki ma ta ɗaga ƙarfe, amma da ma'auni

Wannan makon na ɗan ajiye zancen alƙalami, zan yi magana kan jikin da ke riƙe shi.

Akwai ciwon da likitoci ke kira faibromayaljiya, kuma mata ya fi kamawa. Jiki ya yi ta ciwo sama da ƙasa, dama da hagu, wata da watanni. A kwana a tashi kamar an yi dako, ga mantuwa. A auna jini, a ɗauki hoto, a ce lafiya lau. Dalili kuwa, tsoka da ƙashi ba su lalace ba, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya. A wajenmu sai a ce sanyi ne, a yi ta ɗura mata maganin maleriya da taifot, daga ƙarshe a ce raki ne da son jiki. Mu marubuta ma, duk jarumar da muke so ta sha wahala ciwon zuciya muke jefa mata, ga wannan a cikin gidajenmu ba mu duba ba.

Ra'ayina shi ne, "ki kwanta ki huta" shawarar yini ɗaya ce. In ta zama ta kullum, tsoka sai ta rame, bokitin da aka ɗauka bara ya gagara bana, ƙaramin aiki ya tayar da babban ciwo, a sake komawa gado. A shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta wallafa a 2017, motsa jiki kaɗai ta ba cikakken goyon baya, sama da kowace ƙwaya. A Suwidin kuma, wani bincike na 2015 ya raba mata 130 gida biyu, rabi suna ɗaga nauyi sau biyu a mako har mako 15. Da kashi 40 cikin ɗari na iyakar abin da kowacce ke iya ɗagawa aka fara. Ƙarfinsu ya ƙaru, zafin ya ragu. Ba su warke ba, sauƙi suka samu.

Na san wata za ta ce, "Yo wanki da shara da goyon da nake yi fa, ba motsa jiki ba ne?" Gajiya ce, 'yar uwa. Aikin gida ba shi da ma'auni, ba ya jiran ki huta, kuma ranar da kika ɗan ji dama ranar kike haɗa na mako guda, ki biya da kwana uku a kwance. Ɗaga nauyi ke kike zaɓar kilo, ke kike ƙirga, ke kike tsayawa tun da sauran ƙarfinki.

Ba sai an je gidan motsa jiki ba. Robar ruwa mai lita ɗaya da rabi nauyinta kilo ɗaya da rabi ne, kuma ana iya farawa da rabinta. A ɗaga sau takwas, a tashi daga kujera a zauna sau biyar, a tura bango da hannu biyu. Sau biyu a mako, da hutun kwana biyu a tsakani. Zai yi kama da wasan yara, to haka ake so. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. In ya zarce haka, a rage nauyin, kada a daina.

Kafin komai a ga likita, domin ciwon maƙoƙo da sanyin gaɓoɓi kan yi kama da wannan, sannan a nemi masu gashin ƙashi su tsara atisayen. Littafin nan da kike tara sunayen jarumai, ki ware masa shafi: kwanan wata, kilo nawa, sau nawa, da yadda kika tashi washegari. Sai kin ga mako biyu a jere ba tashin ciwo, sannan ki ƙara ruwa a robar.