Kwamfuta Ma Tana Bukatar Rumbun Tsimi

  Ina gaida malaman yaƙi da jahilci na ko'ina, da ɗalibansu, da magatakardan ƙungiyoyin ƙauyuka, domin zancen yau nasu ne kafin na kowa.

Can baya, duk lissafin ƙungiya cikin kaye yake. Yanzu kuwa zamani ya canza. Bankin hatsi, ƙungiyar masu noman rani, asusun mata, gidan likita na ƙauye, da yawansu sun samu kwamfuta ta hannu wadda ake cajawa da hasken rana. Wanga ci gaba ne, mun gode Allah. Amma akwai wata ɓaraka da na gani da idona, ina so in faɗa muku ita tun ba ta auka wa wani ba.

Cikin damanar 2024, wadda ruwanta ya rushe gidaje masu yawa a jihohin Maradi da Damagaram, wani tsohon ɗalibina ya zo mini da sassafe, rungume da jaka jiƙe sharkaf. Shi ne magatakardan bankin hatsi na garinsu. Da dare bangon ɗakinsa ya faɗi, ruwa ya malale komi. Ya ce mini: «Malam, dubi abin da ya same ni. Sunan duk wanda ya ɗauki bashin hatsi, da wanda ya biya, da wanda bai biya ba, duka cikin wagga na'ura suke.» Munka kai ta birni wurin mai gyara. Ya buɗe, ya duba, ya ce faifan cikinta ya mutu.

Na tambaye shi ko ya taɓa kwafe lissafin wani wuri dabam. Ya ce i, akwai makullin USB. Munka sa makullin cikin wata kwamfuta, sai ga lissafi ya fito. Murna ta kama mu. Amma da munka duba kwanan wata, sai munka tarar wata biyar ke nan rabonsa da kwafewa. Kullum yana cewa gobe, ga aikin gona, ga hidimar gida, har goben ta ƙare.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Wata tsohuwa ta ce ta maida tiya ashirin na gero da ta ranta, tsohon lissafi kuwa yana nuna ba ta biya ba. Yaron ya ce mata: «Inna, ban ƙaryata ki ba, amma ba ni da abin da zan nuna wa jama'a.» Ta ce: «Ɗana, ni da hannuna na auna maka.» Kwana uku ana zama ƙofar maigari, ana neman shaidu. An sasanta, amma har yau akwai gidaje biyu da ba su gaisawa da daɗin rai. Kun ga asarar ba ta na'ura kaɗai ba ce. Amana ce ta taɓu, ita kuwa ba a sayen ta kasuwa.

To, mi ke kashe abin da ke cikin kwamfuta? Ku sani cikin tsofaffin kwamfutoci akwai wani faifai mai juyawa, galibi sau 5400 ko 7200 cikin minti guda, da ɗan hannu siriri mai karanta shi. In na'ura ta faɗi tana aiki, ko ta sha zafi ƙwarai, faifan na iya lalacewa. Sabbin kwamfutoci suna da wata ma'ajiya da ake kira SSD, wadda ba ta juyawa. Ta fi jure faɗuwa, amma in ta tashi mutuwa ba ta yin sallama. Ga ƙurar hunturu, ga wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi bayan ta ɗauke, ga ɓarawo, ga yaro mai danne-danne. Ga kuma mu kanmu, da muke goge abu bisa kuskure.

Akwai kuma wata cuta ta kwamfuta mai kulle takardun mutum, a ce sai ya biya kuɗi kafin a buɗe masa. Cikin watan Mayu na 2017 wata irinta mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila sunka rasa yadda za su duba takardun marasa lafiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganin wanga abu ba baƙo ba ne gare mu. Manomi mai hankali ba ya haɗa iri da cimaka wuri guda. Yana da rumbun ci, yana da rumbun tsimi. Makiyayi ma yakan raba dabbobinsa, wasu nan wasu wurin ɗan'uwa, don in ciwo ya shiga garke kada ya ƙare duka. Haka ita ma kwamfuta. Duk abin da ke da muhimmanci, a samu kwafinsa wani wuri dabam. Shi ne nake kira ajiyar ko-ta-kwana.

Amma labarin ɗalibina ya nuna mana kwafewa da hannu ba ta isa ba, domin ɗan Adam mai mantuwa ne. Shi ya sa masana sunka ƙera manhaja, wato wani tsarin aiki da ake ɗora wa kwamfuta, wadda ke yin kwafin da kanta ba sai an tuna mata ba. Sau ɗaya za ka nuna mata abin da za ta kwafe, da inda za ta kai shi, da lokacin da za ta riƙa yi. Daga nan ta kama aiki, kamar yaron gida mai biyayya.

Ga yadda take aiki. Ranar farko tana kwafe komi, wanga yana ɗaukar lokaci, sai a yi haƙuri. Bayan nan kuwa abin da ya canza kaɗai take ɗauka. In yau sunan mutum uku ka ƙara cikin lissafi, takardar nan da ta canza ita ce za ta kwafe, ba sauran ba. Abu na biyu mai amfani, ba ta yar da tsohon kwafi nan take. Tana ajiye na jiya, da na shekaranjiya, da na makon jiya. In ka ɓata lissafi ranar Laraba ba ka lura ba sai Juma'a, kana iya cewa ta maido maka takardar yadda take ranar Talata.

Wani zai ce, Malam, ina za mu samu kuɗin sayen wagga manhaja? Ku kwantar da hankalinku, tana nan cikin kwamfutarku, ba ku dai tashe ta ba. Masu aiki da Windows, tun 2012 da anka fito da Windows 8 akwai ta ciki, kuma tana cikin Windows 10 da 11. In na'urarku da faransanci take, sunanta Historique des fichiers. Ka sa faifan ajiya na waje ko babban makullin USB, ka shiga Panneau de configuration, ka nemi sunan nan, ka danna Activer. In ba ka canza komi ba, kowace awa guda za ta yi kwafi muddin faifan yana haɗe. Sai dai ku lura: wuraren da anka saba ajiya take bi, kamar Documents da Images da Bureau. In kun ɓoye takarda wani lungu dabam, ku maido ta ɗaya daga cikin waɗanga wurare.

Masu kwamfutar kamfanin Apple kuwa, tasu sunanta Time Machine, tun 2007 take. Tana riƙe kwafin kowace awa na kwana guda, da na kowace rana na wata guda, da na kowane mako har faifai ya cika, sannan ta fara share mafi tsufa. Waɗanda anka ba na'ura mai tsarin Ubuntu, su nemi wadda ake kira Déjà Dup, ita ma kyauta ce.

Akwai hanya ta biyu, wato ajiya ta intanet. Kwafin takardunka yana tafiya can cikin manyan ma'ajiyoyin kamfanoni a wasu ƙasashe. Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, OneDrive giga 5, Dropbox giga 2. Takardun rubutu da na lissafi ba su da nauyi, giga guda yana ɗaukar dubbansu. Hotuna da bidiyo su ne masu cinye wuri da kuɗin intanet, saboda haka a zaɓi abin da za a tura. Inda layi ba ya kamawa, magatakarda na iya haɗa na'urar da salularsa ranar kasuwa in ya shiga babban gari. Amma ga gargaɗi biyu. Irin wagga ajiya madubi ce: in ka goge takarda cikin kwamfutarka, can ma za ta goge, ta koma kwandon shara, bayan kwana 30 kuwa yawanci ta tafi ke nan. Sannan kalmar sirri ita ce makullin rumbun. A rubuta ta cikin takarda, a ba shugaban ƙungiya ya adana, don kada magatakarda ya yi tafiya ko ya riga mu gidan gaskiya da ita cikin kansa.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: 3, 2, 1. A samu kwafi 3 na kowane abu mai muhimmanci. A ajiye su cikin ma'ajiya iri 2, misali cikin kwamfuta da cikin faifan waje. Kwafi 1 kuwa ya kwana nesa da sauran. Wanga na ƙarshe shi ne mutane ke rainawa. Makullin ɗalibina cikin jaka guda yake da kwamfutar, Allah ne kawai ya tsare shi. Ko manya sun sha wagga wahala. Cikin watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata babbar ma'ajiyar kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu masu ajiya sunka rasa komi, domin kwafinsu na ko-ta-kwana ma a wurin yake. A ƙauye abin da sauƙi: a sayi makulli biyu, ɗaya yana aiki wurin magatakarda, ɗaya yana gidan ma'aji ko wurin shugaba, kowace Juma'a a musanya su. Wanda ba ya haɗe da na'ura, cutar nan mai kulle takardu ba ta iya kai gare shi.

Saura abu guda, shi ne dubawa. Manomi yakan leƙa rumbunsa lokaci lokaci, don kada gara ta gama da shi yana zaune yana ƙirga dammuna. A 1998 ma'aikatan kamfanin Pixar na Amurka suna cikin haɗa fim ɗin yara mai suna Toy Story 2, sai wani umurni da anka ba na'ura bisa kuskure ya goge mafi yawan aikin. Sunka juya ga ajiyarsu, sunka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su, wata ma'aikaciya mai jego tana aiki daga gida, akwai kwafi cikin kwamfutarta. To in masu ilimi da dukiya irin waɗanga sun yi sake, ina ga mu? Saboda haka kowane farkon wata a zauna, a buɗe ajiyar, a maido takarda guda, a karanta ta, a tabbata kwanan watanta na kusa ne.

Kada kuma ku ce Malam ya ce a yar da kaye. A'a. Ƙarshen kowane wata a buga lissafi bisa takarda, ko a kwafe jimillarsa da bik cikin babban kaye, a karanta gaban taro, shugaba da ma'aji su sa hannu. Kowane memba kuma ya riƙe ɗan kayensa, a rubuta masa abin da ya ɗauka da abin da ya maida. Da tsohuwar nan tana da nata, ko jikanta ya rubuta mata, da ba a je ƙofar maigari ba. Kun ga amfanin karatu ke nan. Wanda ya iya karanta sunansa da adadin tiyarsa, shi ma rumbun tsimi ne ga ƙungiyarsa.

Ɗalibina yanzu ya samu wata na'ura. Ni da shi munka tashi manhajar tun ranar farko, aikin bai kai rabin awa ba. Makulli guda yana wurinsa, guda yana gidan ma'aji. Ya ce mini: «Malam, yanzu ko hadari ya taso ina barci.»

Ƴan'uwa magatakarda, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku jira damana ta kama. Cikin wanga mako ku kai maganar gaban kwamitinku, a fidda kuɗin makulli biyu daga asusu, a tashi manhajar, a sa ranar musanya. Wanda abin ya shige masa duhu, ya nemi malamin yaƙi da jahilci na kusa da shi ko wani ɗan makaranta mai sanin na'ura, tambaya ba abin kunya ba ce. Iyaye maza da mata kuwa, in an buɗe ajin karatu bayan girbi, ku zo ku rubuta sunayenku.

Allah ya tsare mana amanar jama'a, ya ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.